Me ya sa ake haɗa batura a jere, amma ƙwayayen fitila gefe da gefe?

Mai Shagon Caji

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da shagon cajin wayoyin hannu a wani ƙauye da ke ƙasar Gumel, kuma da yake wutar gwamnati ba ta iso mana ba, da hasken rana muka dogara. Abin da ke hannuna a yanzu shi ne farantan sola biyu masu wat 100 kowanne, da batura biyu masu bolt 12 waɗanda aka rubuta 100Ah, wato yawan wutar da batir ke iya ajiyewa, a jikin kowannensu, sai ƙwayayen fitila huɗu da fanka ɗaya da ke shan wuta kai tsaye daga baturan. Wanda ya yi mini aikin tun farko ya haɗa jan kan wannan batir da jan kan wancan, baƙi kuma da baƙi, kuma idan aka ɗora mita takan nuna bolt 12 da 'yar ɗoriya.

Ina so in ƙara ƙaramin firji kafin bazara ta kankama, domin in riƙa sayar da ruwan sanyi da zoɓo. Da na je kasuwar Sabon Gari a Kano neman inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, mai shagon ya ba ni shawarar in ɗauki mai bolt 24, ya ce sai dai a sauya haɗin baturan, a kai jan kan ɗaya zuwa baƙin kan ɗayan, a bar kawuna biyun da suka rage su tafi inbata. Ban saya ba tukuna, domin ba na son in kashe kuɗi a kan abin da ban fahimta ba, alhali mai gyara mafi kusa da mu sai an yi tafiya a babur kafin a same shi.

Ta yaya batura biyun nan, ba tare da an ƙara musu komai ba, za su ba da 12 a wannan haɗi, su ba da 24 a wancan? Idan kuwa jerawa tana ƙara ƙarfi, me ya hana a jera ƙwayayen fitila haka? Na ga ƙanena ya jera ƙwayayen tocila biyu a kan waya ɗaya don aikin makaranta, sai haskensu ya dushe maimakon ya ƙaru, da ya zare ɗaya kuma sai ɗayan ya mutu. Sannan ina son sanin ko haɗin 24 zai fi kai ni dare kafin wuta ta ƙare. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Malamin Kimiyya

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Tambayoyinka guda uku duk jijiyarsu ɗaya ce, kuma idan ka rarrabe abubuwa uku da muke cakuɗawa a cikin maganar wuta, sauran za su warware da kansu.

Ka ɗauki tankin ruwan burtsatse na garinku. Tsayin da aka ɗora tankin shi ke ba ruwan ƙarfin turawa, kuma wannan shi ne matsayin boltij, wanda ake aunawa da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa ta cikin bututu a kowace daƙiƙa shi ne matsayin kurent, wato kwararar wutar, ana auna shi da amfiya. Ƙuncin bututun, wanda ke hana ruwan wucewa yadda yake so, shi ne matsayin turjiya, ana auna ta da om. Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa dangantakar da ke tsakanin ukun a shekarar 1827: idan ka raba boltij da turjiya, abin da ya fito shi ne kurent. Saboda haka ƙwan fitila mai turjiyar om 6, idan aka ɗora shi a kan batir mai bolt 12, zai ja amfiya 2. Idan ka ninka bolt da amfiya kuma za ka sami wat, wato a nan wat 24, kuma wat ɗin ne idonka ke gani a matsayin haske, hannunka ke ji a matsayin zafi.

Yanzu ka sami irin wannan ƙwan guda biyu, ka yi musu haɗin jere, wanda masu sana'a ke kira siris, kamar yadda ƙanenka ya yi. Hanya ɗaya tak wutar ke da ita, dole ta ratsa na farko sannan ta ratsa na biyu kafin ta koma batir, don haka kurent ɗin da ke cikin wannan shi ne dai ke cikin wancan, babu inda wani ɓangare nasa zai ratse. Turjiyarsu kuwa taruwa take yi, 6 da 6 ta zama om 12, sai kurent ya sauko zuwa amfiya 1. Bolt 12 ɗin batir kuma sai sun raba shi a tsakaninsu, kowanne ya sami bolt 6. Ka ninka 6 da 1, ka ga kowane ƙwai yana cin wat 6 a maimakon 24. Ba rabin ƙarfinsa ya rasa ba, kashi uku cikin huɗu ya rasa, domin boltij ya ragu da rabi, kurent ma ya ragu da rabi, shi ya sa hasken ya dushe haka. Mutuwar ɗayan bayan an zare ɗaya kuwa ba ta buƙatar dogon bayani, hanyar guda ce kuma an yanke ta.

Rabon boltij ɗin ba koyaushe yake zama daidai wa daida ba. Idan ɗaya om 4 ne ɗayan om 8, kurent yana nan amfiya 1, amma na farko bolt 4 zai samu, na biyu bolt 8. Mai turjiya da yawa shi ke kwashe kaso mafi tsoka. Wannan ne ke ba ɗalibaina mamaki duk shekara, idan na jera tsohon ƙwai mai wat 40 da mai wat 100 suka ga ƙaramin ya fi babban haske, saboda ƙwai mai ƙaramin wat shi ya fi turjiya.

A haɗin gefe da gefe, wato faralel, kowane ƙwai yana da tasa hanyar zuwa kawunan batir biyu, don haka kowanne yana samun bolt 12 cif, ya ja amfiya 2 ɗinsa kamar babu kowa sai shi. Abin da ke taruwa a nan kurent ne: batir zai fitar da amfiya 4. Idan ka raba 12 da 4 za ka ga batir yana ganin turjiyar om 3 ne kawai, ƙasa da ta kowane ɗaya daga cikinsu, domin duk hanyar da ka ƙara buɗewa sauƙi ka ƙara wa wutar. Ƙa'idojin nan biyu, cewa kurent ɗin da ya shiga mahaɗa dole ya yi daidai da wanda ya fita, kuma boltij ɗin da aka rarraba a zagaye guda dole ya yi daidai da wanda batir ya bayar, Gustav Kirchhoff ne ya tsara su a 1845, a lokacin yana ɗalibi. A kansu aka gina wayarin kowane gida: soket-soket da fitilu duk gefe da gefe suke, domin kowane abu ya sami bolt 230 da aka ƙera shi a kai, kuma kashe fanka kada ya kashe rediyo.

Batura ma ƙa'idar ke nan, sai dai su bayarwa suke yi, ba ci ba. Idan ka jera su, na biyu yana ɗora turinsa a kan na farko, 12 da 12 ya zama 24, amma tun da kurent guda ne ke ratsa su duka, ƙarfin ajiyarsu yana nan a 100Ah. Idan gefe da gefe suke, kamar naka a yanzu, boltij yana nan a 12, ajiya ta zama 200Ah. Ko batir ɗinka guda ɗaya ma haɗin jere ne a cikinsa: ɗakuna shida ne masu bolt 2 da ɗan kaɗan kowanne, shi ya sa cikakken batir da ya huta yake nuna wajen 12.6. Alessandro Volta, wanda sunansa ake kiran bolt da shi, ta hanyar jera faifan ƙarfe iri biyu wani kan wani ya haɗa batir na farko a 1800.

Amsar tambayarka ta uku kuwa ita ce a'a. Ka ninka 12 da 200, ka ninka 24 da 100, duka 2,400 za ka samu. Wutar da ke ajiye guda ce, sauya haɗi bai ƙara ta ba.

Mai Haɗa Sola

Allah ya ƙara wa Malam basira. Lissafinsa babu gyara, amma a kan tambaya ta uku ina da ɗan ƙari, domin a wurin aiki haɗin 24 yakan ɗan fi kai mutum dare, ba don ajiyar ta ƙaru ba, sai don asarar ta ragu.

Wayar wuta ita ma tana da turjiya, kuma a jere take da duk abin da ka ɗora mata, saboda haka ita ma tana karɓar nata rabon na boltij. Wayar jan ƙarfe wadda ake kira 2.5 a kasuwa, wadda aka fi saya, turjiyarta ta kai kusan om 0.007 a kowace mita. Mu ce baturanka suna ɗaki, shago kuma yana nesa da mita 10, wato mita 20 ke nan zuwa da dawowa, turjiya kusan om 0.15. Idan kana jan wat 240 a kan bolt 12, amfiya 20 ke bin wayar nan, sai ta cinye bolt 3, ta mayar da wat 60 zafi a banza. Idan a kan bolt 24 ne, amfiya 10 ya ishe ka samun wannan wat 240 ɗin, wayar ta ci bolt ɗaya da rabi, asara ta tsaya a wat 15. Ka rage kurent da rabi, asara ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Duk wanda ya taɓa kama wayar inbata ya ji ta yi ɗumi har robarta ta yi laushi, wannan asarar ce ya taɓa da hannunsa. Dalilin nan ne kuma ya sa manyan layukan da ke kawo wuta tashar Kumbotso suke ɗauke da bolt 330,000, sai an iso kusa da gari a riƙa saukar da shi mataki-mataki, 33,000, 11,000, har zuwa na gida.

Ga mai firji kuwa maganar ta fi nauyi, domin injin firji a lokacin tashi yakan fizgi kurent ninkin abin da yake ci bayan ya daidaita har sau da yawa. A kan bolt 12, da siririyar waya, wannan fizgar takan sa boltij ya faɗi nan take, inbata ta yi ƙara ta kashe kanta, mai shago ya ɗauka batir ne ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau. Don haka ina goyon bayan shawarar da aka ba ka, da sharaɗin inbatar ta zauna kusa da batura, da gajeriyar waya mai kauri.

Sai dai haɗin jere ba ya yafe bambanci. Tun da kurent guda ke shiga duka biyun, idan ɗaya tsoho ne ɗaya sabo, tsohon zai riga cika ya ci gaba da shan cajin da ya fi ƙarfinsa yana tafasa, da dare kuma shi zai riga ƙarewa ya ja ɗan'uwansa ƙasa. Idan tare ka sayi naka, iri ɗaya, to madalla.

Farantanka ma sai an taɓa su. Faranti mai wat 100 irin wanda ake ɗora wa batir 12 yawanci ƙananan ɗakuna 36 ne a jere, yana aiki a wajen bolt 18 da amfiya biyar da rabi. Bolt 18 ba zai iya tura wuta cikin batir 24 ba, don haka dole su ma a jera su, su ba da wajen bolt 36 a kan amfiya biyar da rabin nan. Ka duba jikin kwantirolarka, wato na'urar da ke tsakanin farantai da batura tana daidaita caji, ka tabbata an rubuta tana karɓar 12 da 24, kuma ka duba iyakar boltij ɗin da take ɗauka, domin farantai biyu a jere, idan ba a ɗora musu komai ba, sukan kai wajen bolt 44, har su ɗan haura da sanyin safiyar hunturu. Kuma daga ranar da ka jera su, inuwar reshen darbejiya ko kashin tsuntsu a kan faranti ɗaya zai rage kurent ɗin duka biyun. Ƙurar hunturu a ƙasarku ba sai na gaya maka ba, a riƙa gogewa.

Gaskiya ɗaya da ya kamata ka ji: wat 200 na farantai ya yi kaɗan ga firji da cajin wayoyi da fitilu a haɗe, balle ma irin waɗannan batura ba a so a riƙa zuƙe fiye da rabinsu. Ka sa ƙarin farantai a cikin kasafinka.

Mai Shagon Caji

Na gode, Malam, na gode, Yaya, yanzu na ga inda aka dosa. Amma ga wata matsala da ta taso daga bayaninku. Fitiluna huɗu da fanka duk na bolt 12 ne, fitilun kuma irin na zamani ne marasa zare, masu farin haske. Idan baturan suka koma 24, zan iya jan wayarsu daga kawunan batir ɗaya kawai, tun da shi yana nan a 12? Ko kuwa in jera fitilun biyu-biyu a kan 24, kowanne ya sami 12 kamar yadda Malam ya lissafa?

Ɗalibar Lantarki

Assalamu alaikum. Da izinin malamaina, ina karatun lantarki a Kazaure, kuma ina ganin dukkan hanyoyin biyu da ka kawo na haɗa fitilun suna da illa.

Ta farko za ta yi aiki a ranar da aka haɗa, fitilu su kama, fanka ta juya, shi ya sa mutane da yawa ke yin ta. Illar tana zuwa a hankali. Da dare batir ɗin da aka rataya wa fitilu yana ba da kurent ɗin inbata da na fitilu, ɗayan kuwa na inbata kaɗai yake bayarwa. Da rana kuma caji yana shigowa ta hanya guda, amfiya iri ɗaya ga kowanne, babu yadda za a ba wanda ya fi gajiya kaso mafi yawa. Kwantirola jimillar boltij ɗin biyun kawai take gani, saboda haka za ta iya ɗauka komai daidai ne alhali ɗaya ya wuce kima ɗayan bai cika ba. Kullum tazarar tana ƙaruwa, har batura biyu da aka saya rana ɗaya su koma tamkar tsoho da sabo, wato ainihin abin da aka gargaɗe ka a kai.

Ta biyu kuma, lissafin Malam ya ginu ne a kan turjiyar da ba ta sauyawa, kuma ya yi haka ne don sauƙaƙa bayani. Ko tsohon ƙwai mai zare turjiyarsa tana ƙaruwa sosai idan ya yi zafi, har idan ka auna shi a sanyi za ka sami adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da wanda lissafin wat ɗinsa ya nuna. Duk da haka, irinsu guda biyu masu wat ɗaya sukan raba bolt 24 kusan daidai, domin halinsu ɗaya ne. Fitilun zamani kuwa ba sa bin dokar Ohm kai tsaye, kuma da yawansu suna da 'yar na'ura a gindinsu da ke daidaita abin da suke ci. Biyu daga cikinsu a jere ba lalle ne su raba boltij daidai ba, ɗaya na iya kwashe fiye da abin da zai iya ɗauka ya ƙone, ko su riƙa ƙyaftawa. Ko da sun zauna lafiya, makunni ɗaya ne zai riƙe biyun, kuma mutuwar ɗaya mutuwar ɗayan ce. Fanka kuwa ba ta ma da abokiyar jerawa.

Mafita ita ce 'yar na'urar da ke saukar da bolt 24 zuwa 12, wadda masu kayan sola ke kira kwanbata. Ana ɗora ta a kan kawunan baturan biyu a haɗe, ta yadda za ta ja daga duka biyun daidai, sai fitilu da fanka su zauna gefe da gefe a bakinta na 12 kamar yadda suke a yanzu. Ka tara wat ɗin da aka rubuta a jikinsu duka, ka raba da 12, ka sayi wadda amfiyarta ta haura abin da ya fito. Kafin nan ka karanta jikin fitilun, domin akwai waɗanda aka ƙera su karɓi 12 har zuwa 24, kuma idan naka irinsu ne, fankar kaɗai ce ke buƙatar kwanbata.

Mai Haɗa Sola

Ƙanwarmu ta gama magana a kan wannan, kwanbatar ita ce daidai. Abin da ya rage shi ne ranar aikin, tun da na fahimci wataƙila da hannunka za ka yi.

Ka fara cire wayar farantai daga kwantirola, sannan ta batura. Ka raba baturan bayan sun cika, ka bar su su huta na 'yan sa'o'i, ka auna kowanne shi kaɗai. Idan duka suna wajen 12.6 ko 12.7, ka ci gaba. Idan ɗaya ya faɗi ƙasa da ɗan'uwansa sosai, to haɗin gefe da gefe ne ya daɗe yana rufa masa asiri, domin a can dole boltij ɗinsu ya zama ɗaya, kuma bai kamata a jera su ba sai an san matsalarsa.

Wurin awo ma ƙa'idar Malam ce ke aiki. Boltij ana auna shi ne gefe da gefe, ka ɗora tsinkayen mita biyu a kan kawunan abin da kake aunawa. Kurent kuwa sai an yanke hanya an sa mitar a jere, wutar ta ratsa ta cikinta. Mitar da aka juya zuwa amfiya turjiyarta kusan babu ce, don haka idan ka ɗora ta a kan kawunan batir, ka ba wutar gajeriyar hanya ke nan, fis ɗin cikinta zai ƙone, idan ma ba ta lalace gaba ɗaya ba. Haka sifana idan ta faɗi ta haɗa kawuna biyu: ɗaruruwan amfiya ne za su bi ta nan take, ta yi tartsatsi, ga kuma iskar da batir mai ruwa ke fitarwa lokacin caji tana kama wuta. Ka cire zobe da agogon ƙarfe, ka naɗe hannun sifanar da salatif, ka yi aikin a inda iska ke shiga.

Bayan ka haɗa jan ɗaya da baƙin ɗayan da gajeriyar waya mai kauri, ka auna kawuna biyun da suka rage, ya kamata ka ga wajen bolt 25. Ka sa fis a kan jar wayar dab da batir, ɗaya na inbata, wani ƙarami na kwanbata. Wurin mayarwa kuma batura ake fara haɗa wa kwantirola, domin daga gare su take gane cewa tsarin ya koma 24, sannan farantai su biyo baya. Bayan mako biyu da fara aiki ka sake auna kowane batir shi kaɗai, da yamma sa'ad da suka cika da kuma da asuba kafin rana ta fito, ka kawo mana adadin huɗun mu duba.